Farfelar kabon ba ta ƙara wa inji doki ko ɗaya: a auna kafin a saya

Duk wanda ke bibiyar shafukan masu gyaran motocin gudu a TikTok, Instagram ko YouTube ya san irin wannan bidiyon. Za a ɗaga mota sama, galibi Ford Mustang ko Toyota 86, a kwance wani dogon bututun ƙarfe daga ƙarƙashinta, a ɗora a kan sikeli. Sai a ɗauko sabo, na alminiyam mai sheƙi ko baƙi na zaren kabon, shi ma a ɗora. Lambar sikeli ta faɗo zuwa rabi. Daga nan kiɗa ya tashi, mota ta fita titi tana ruri, a rubuta a ƙasa cewa ta samu ƙarin ƙarfi. Cikin daƙiƙa 30 an gama.

Wannan bututu shi ne makanikai ke kira farfela, kuma sauya ta da mara nauyi na daga cikin gyare-gyaren da aka fi tallatawa ga masu motocin gudu. Kayan ba na bogi ba ne, yana da amfaninsa. Matsalar ita ce amfanin da ake tallatawa shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, haɗarin da ke tattare da shi kuma shi ne ba a cika ambata ba. Ga mafi yawan masu irin waɗannan motoci, farfela mara nauyi ya kamata ta zo a ƙarshen jerin abin da za a kashe wa kuɗi, kuma kada a saye ta sai da dalilin da za a iya aunawa.

Masu amfani da wayar hannu sun san wannan salon talla. An sha sayar wa mutane waya saboda an rubuta megafiksel 108 a jikin kwali, hoto ya fito bai kai na wata mai megafiksel 12 ba. An sha rubuta 8GB+8GB, alhali 8 ɗin ta biyu daga ma'adanar waya aka yanko ta, ba ta da saurin RAM na gaske. Lamba ce ta gaskiya da aka ajiye a inda za ta ba da ma'anar da ba tata ba. Haka lambar sikelin farfela take.

Mene ne aikin farfela?

A motar da injinta ke gaba amma tayoyin baya ke tura ta, dole a samu abin da zai ɗauki juyin da ke fitowa daga giya ya kai shi aksil ɗin baya. Farfela ke wannan aiki. Bututu ne mai rami a ciki, da gaɓoɓi a kowane baki da ke ba shi damar juyawa ko da giya da aksil ba su daidaita a layi ɗaya ba. Mustang, Camaro, Charger, BMW 3 Series, Mercedes C-Class, Lexus IS, Nissan 350Z da Toyota 86 duk suna da ita. Corolla, Camry, Accord da Civic na yau da kullum kuwa tayoyin gaba ke jan su, saboda haka ba su da wannan doguwar farfela kwata-kwata. Mai irin su wannan talla ba tasa ba ce.

A yawancin motocin zamani kamfani kan raba farfela gida biyu, ya sa boris a tsakiya cikin roba, a ɗaure shi a jikin mota. Mustang GT ta 2005 zuwa 2023 haka take zuwa, da farfelar ƙarfe mai gida biyu wadda nauyinta ya doshi kilo 20. Kamfanoni irin su The Driveshaft Shop da QA1 a Amurka suna ƙera madadinta mai gida ɗaya, wadda nauyinta kan kai kusan rabin wancan. Ta alminiyam kan ci ɗaruruwan daloli, ta kabon kuma takan haura dala dubu, kafin a zo maganar kuɗin dako da na kwastan.

Lissafin da ba a nunawa

Hujjar masu talla ita ce nauyin da ke juyawa ya fi nauyin da ke zaune cin ƙarfin inji. Wannan gaskiya ne, amma akwai sharaɗi. Abin da ke sa abu ya yi wuyar juyawa ya haɗa da nauyinsa da kuma nisan nauyin daga tsakiyar juyi, kuma nisan ya fi tasiri, domin idan ya ninka sau biyu, wahalar juyawa kan ninka sau huɗu.

Taɓarya ta isa misali. Tana da nauyi, amma idan aka tsayar da ita aka murza tsakanin tafukan hannu, yaro ma zai juya ta. A kama ta a tsakiya a ce za a wulwula ta kamar fankar silin, nan take za a ji bambanci. Nauyin bai sauya ba, inda yake ne ya sauya. Farfela irin juyin farko take yi. Kaurinta bai wuce santimita 8 zuwa 9 ba, wato duk nauyinta yana zaune ne kimanin santimita 4 daga tsakiya.

A ɗauki misali da lambobi. Mota mai nauyin kilo 1,700, mai giyar aksil 3.55, wato farfela na juyawa sau 3.55 kafin taya ta juya sau ɗaya, da tayar da tsayinta daga tsakiya zuwa ƙasa ya kai santimita 34. Idan aka cire farfela mai kilo 18 aka sa mai kilo 9 masu kauri ɗaya, an rage kilo 9 na nauyin mota. Idan aka lissafa ribar juyi aka mayar da ita nauyi, abin da zai fito kimanin kilo ɗaya da rabi ne. Jimilla kimanin kilo 10 da rabi ke nan, wato kashi 0.6 cikin ɗari na nauyin motar.

Me wannan ke nufi a titi? Motar da ke tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 5 za ta rage kusan kashi 3 cikin ɗari na daƙiƙa ɗaya. Ƙiftawar ido ta fi haka tsawo. Litar fetur ɗaya nauyinta kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo ne, don haka wanda ya fito da tankinsa da ragin lita 14 ya samu irin wannan riba ba tare da ya biya ko sisi ba. Wanda ya ɗauki aboki ɗaya a kujerar gaba kuwa ya shafe ribar sau shida.

Don a ga cewa maganar nauyin juyi ba ƙarya ba ce, a dubi filawil, faifan ƙarfen nan da ke bayan inji inda kuloci ke kamawa. Shi yana da faɗi, kuma da gudun inji yake juyawa. A giya ta ɗaya inji kan juya kusan sau 13 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka rage kilo 5 daga wajen bakin filawil, a giya ta ɗaya tamkar an sauke kusan kilo 100 ne daga mota. Haka ma taya: kilo ɗaya da ke can bakinta yana cin ƙarfi kamar kilo biyu. A cikin duk abubuwan da ke juyawa tsakanin inji da kwalta, farfela na cikin waɗanda suka fi ƙarancin riba a kan kowane kilo da aka rage.

To, me ya sa na'urar gwaji ke nuna ƙari?

Za a ce ai an ga takardar daino, na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta, kuma ta nuna ƙarin doki. Akwai bayani biyu. Na farko, nau'in daino da ya fi yawa yana auna saurin da tayoyi ke hanzarta wani babban ganga mai nauyi, sannan ya lissafa ƙarfi daga nan. Duk abin da aka rage wa nauyi a hanya zai fito a matsayin ɗan ƙari, ko da injin bai sauya ba. Iskar da inji ke shaƙa, man da yake ƙonawa da zafin da yake fitarwa duk suna nan yadda suke. Idan mota ta daidaita a gudu ɗaya, wannan ɗan ƙarin ya ɓace.

Na biyu, mota ɗaya a daino ɗaya, a rana ɗaya, takan ba da lambobi daban-daban. Zafin iska, zafin man giya, iskar taya da yadda aka ɗaure motar duk suna motsa sakamako da 'yan dawakai. A motar da ke da doki sama da 400, bambancin doki 4 ko 5 yana cikin wannan kai-komo. Wanda ke son ya sayar da kaya zai ɗauki mafi ƙasa a gwajin farko da mafi sama a na biyu, kamar yadda ake saka waya a firji kafin a gwada ta a AnTuTu.

Inda ainihin maganar take

Abin da ya fi muhimmanci game da farfela shi ne gudun da take iya jurewa. A motar misalin da ke sama, idan ana tafiyar kilomita 100 a awa, farfela na juyawa kusan sau 2,800 a minti. A kilomita 200, ta haura 5,500. Kowane dogon bututu yana da wani gudun juyi da idan ya kai, zai fara lanƙwasa a tsakiya yana wulwulawa kamar igiyar da yara ke tsalle da ita. Da ya fara, lanƙwasar ke ƙara jijjiga, jijjigar ta ƙara lanƙwasa, har ya karye. Wannan shi ne gudun haɗari.

Abu uku ke yanke shi: tsawo, kauri, da taurin kayan da aka yi bututun da shi idan aka gwada da nauyinsa. Tsawo ya fi kowanne ƙarfi. Idan tsawo ya ninka biyu, gudun haɗari kan faɗo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauko dogon rodi a wurin gini ya ga yadda yake lilo, alhali guntunsa ko motsi ba ya yi. Wannan ne babban dalilin da ya sa kamfanoni ke raba farfela biyu: gajeru biyu sun fi doguwa ɗaya jure gudu. Injiniyoyin da suka sa boris ɗin tsakiya ba mantuwa suka yi ba.

Saboda haka wanda ya cire mai gida biyu ya sa mai gida ɗaya ya tsawaita bututu, kuma dole ya biya wannan bashi ta wata hanya. A nan ne mutane da yawa ke rudewa game da alminiyam. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Bututun alminiyam da na ƙarfe masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya, gudun haɗarinsu kusan ɗaya ne. Abin da ke ceton ta alminiyam shi ne ana yin ta da kauri, inci 3.5 ko 4. Kaurin nan kuma yana cinye wani ɓangare na 'yar ribar juyin da aka lissafa, sannan yana kusantar da ita ga salansa da cikin mota, musamman motar da aka saukar ƙasa.

Zaren kabon ne kaɗai ya fita daban, domin taurinsa a kan nauyinsa ya zarce na ƙarfe da na alminiyam nesa. Shi ya sa doguwar farfelar kabon mai gida ɗaya ke iya jure gudun da ta ƙarfe ba za ta jure ba.

Wannan ba maganar takarda ba ce kawai. Mustang V6 ta 2011, mai doki 305, ta zo da manhajar da ke hana ta wuce kusan kilomita 180 a awa. A shekarar aka yaɗa bidiyon wani da ya cire wannan takunkumi, farfelarsa ta tarwatse a wajen kilomita 217 a awa. Injin yana da sauran ƙarfi, farfelar ce ba a ƙera ta don wannan gudu ba. Idan irin wannan ta faru da bakin gaba, bututun na iya cakar kwalta ya cilla bayan mota sama, ko ya fasa cikin mota a gefen ƙafar direba, ko ya yanke bututun mai da na birki. Hukumar tseren mota ta NHRA a Amurka ta wajabta wa motoci masu sauri saka zoben ƙarfe da ke kewaye farfela, cikin inci 6 daga gaɓar gaba, saboda wannan dalili. Zoben bai kai farfela tsada ba ko kusa, kuma ba a cika ganinsa a bidiyon talla ba.

Abin da masu goyon baya ke da shi

Adalci ne a faɗi cewa manyan kamfanoni da kansu suna amfani da farfelar kabon. Nissan ta sa ta a 350Z da 370Z. Mazda ta sa ta a RX-8 mai giyar hannu. Alfa Romeo ta sa ta a Giulia. Mitsubishi ma ta sa ta a Pajero da ta fito a 1999. Ford ta sa mai gida ɗaya a Shelby GT500 ta 2013, mota mai doki 662 da aka ce tana haura kilomita 320 a awa. Idan ba ta da amfani, me zai sa su kashe kuɗin?

Tana da amfani. Amma a lura da yadda suka yi: sun zana motar tun daga tushe da farfelar a ciki, suka gwada jijjigarta, zafinta da yadda za ta kasance idan an yi karo. Farfelar kamfani da yawa an ƙera su ne su noƙe cikin kansu idan mota ta yi karo ta gaba, abin da ba kowace ta kasuwa ke yi ba. A GT500 kuwa, abin da aka magance shi ne gudu da ƙarfin murɗa da farfelar ƙarfe ba za ta ɗauka cikin sauƙi ba.

Labarin BMW ma abin dubawa ne. M3 da M4 na 2014 sun fito da farfelar kabon. Daga ƙarshen 2017 kamfanin ya fara mayar da su kan ta ƙarfe a kasuwanni da dama, domin a samu wurin saka matatar hayaƙi a jikin salansa, tunda ta ƙarfe ta fi siranta. Ƙarfin injin da ke rubuce a takarda bai sauya ba. Kamfanin da ya gina sunansa a kan motocin gudu ya ɗauki farfelar kabon a matsayin abin da za a iya sadaukarwa idan wuri ya ƙure.

Hujja ta biyu ita ce ji a jiki. Masu mota da yawa sun ce bayan sauyi motar ta fi amsa totur, kuma ƙarar "ƙwas" da ake ji yayin sauya giya ta tafi. Wannan ma yakan faru. Farfela mai gida biyu tana da ƙarin gaɓa da roba, kowanne da ɗan sakinsa, cire su kuma na rage sakin. Sai dai a tambaya: wace farfela aka cire? Idan ta motar da ta yi shekara 12 ce, robar boris ta tsage, gaɓoɓi sun gaji, to bambancin da aka ji na tsoho da sabo ne. A BMW da Mercedes akwai faifan roba a bakin farfela wanda idan ya tsufa yakan kawo wannan ƙara da jijjiga. Sauya shi da boris ɗin tsakiya kan dawo da mota hayyacinta da kaso kaɗan na kuɗin farfelar kabon.

Akwai kuma abin da ake asara. Robar da aka cire ita ce ke shanye ƙara da jijjigar giya da aksil. Ba ita, wasu motocin kan fara gunji a wani gudu na musamman. Gaɓa mai siffar alamar ƙari, wadda farfelolin kasuwa da yawa ke amfani da ita, ba ta juyawa da gudu ɗaya idan tana a karkace: tana ƙara sauri ta rage sau biyu a kowane juyi. Dole karkatar bakin gaba da ta bakin baya su yi kusan daidai domin su soke juna, kuma kada su wuce kusan digiri 3. A Mustang ta 2005 zuwa 2014, mai aksil ɗin baya guda ɗaya da ke hawa da sauka, saukar da mota kaɗai ya isa ya ɓata wannan lissafi.

A titin gida

Irin waɗannan motoci suna shigowa Najeriya a matsayin tokumbo, ana ganin su a Abuja, Kano da Kaduna, kuma masu wasan zamiya da mota sun fi son tsofaffin BMW saboda tayoyin baya ke tura su. Bidiyon da suke kallo kuwa an ɗauke shi ne a kan kwaltar Amurka ko Japan. Bambancin titi yana sauya lissafin.

Farfelar kabon tana da kyakkyawan hali ɗaya: idan ta karye takan warware ta zama kamar tsintsiya, ba ta dukan mota kamar ta ƙarfe. Amma tana tsoron duka. Dutsen da taya ta harbo, ko tudun rage gudu da ya goge cikin mota, na iya raba zaren daga ciki ba tare da wata babbar alama a waje ba. Zaren a cikin gam yake, kuma zafin salansa idan ya matso kusa yana raunana gam ɗin. Ta alminiyam kuma tana loɓawa cikin sauƙi, loɓa kaɗan kuwa ta isa ta ɓata daidaiton abin da ke juyawa sau dubu uku a minti. Ta ƙarfe idan ta samu matsala, akwai mai walda da mai gyara, akwai kuma ta kwance a kasuwar kayan mota. Ta kabon ba a yi mata walda. Kafin mutum ya tura dala, ya tambayi kansa inda zai kai ta a duba ko a daidaita idan ta fara jijjiga, da kuma wata nawa motar za ta yi a ajiye kafin wata ta iso.

Sannan iyakar gudun ƙananan motoci a babbar hanya, bisa ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, kilomita 100 ne a awa. Babbar fa'idar farfelar kabon tana can sama da kilomita 200. Wanda ke kai wa wannan gudu a hanyar da mutane, babura da dabbobi ke tsallakawa, matsalarsa ta wuce ta farfela.

Wayar da ke aljihu ta isa alƙali

Gani ya kori ji, kuma kayan aunawa sun yi arha. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da kafar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque, waya za ta nuna gudun inji, zafin iskar da yake shaƙa da lambobin matsala. Na'urar GPS irin Dragy tana auna lokacin tashi daga tsaye da daidaiton da GPS ɗin waya kaɗai ba ya kaiwa. A yi gwaji sau biyar kafin gyara, sau biyar bayansa, a wuri ɗaya da aka killace, da mai daidai a tanki, a kwatanta matsakaici. Idan bambancin bai fi kai-komon da ke tsakanin gwaje-gwajen ba, to babu abin da aka samu.

Jijjiga ma ana auna ta. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ke bayarwa kyauta, tana amfani da na'urar jin motsi ta waya ta nuna sau nawa abu ke girgiza a daƙiƙa. A ajiye waya a kan wuri mai tauri a cikin mota, wani ya tuƙa, wani ya duba. A motar misalin nan, a gudun kilomita 100, taya na juyawa kusan sau 13 a daƙiƙa, farfela kuma kusan sau 46. Idan layin da ya fi tsawo ya fito a wajen 13, taya ko rim ne ke buƙatar daidaitawa. Idan a wajen 46 ya fito, a duba farfela. Wannan gwaji na minti biyar zai iya hana mutum sayen kayan dala dubu don maganin ciwon da yake a taya. Kamfanin Tremec mai ƙera giya ma yana da manhaja da ke mayar da waya ma'aunin karkata, a manna ta a jikin giya, farfela da aksil, ta lissafa kusurwar gaɓoɓi.

Wa ya kamata ya saya?

Mutum uku. Wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi sosai, da turbo ko makamancinsa, har farfelar kamfani ta zama mafi rauni a layin. Wanda ke zuwa filin tsere na gaske, inda gudun farfela ke kusantar iyakarta. Da wanda tasa ta lalace, ya tarar farashin sabuwar ta kamfani ya kusa kai na ta kasuwa mai inganci. Ko su ɗin, sai sun nemi mai sayarwa ya rubuta musu gudun haɗarin farfelar da ƙarfin murɗar da take ɗauka, su lissafa gudun da tasu za ta kai da giyar aksil da tayar da suke da ita, su bar rata mai faɗi a tsakani, su sa zoben kariya, su auna kusurwa bayan an ɗaura. Mai sayarwar da ba shi da waɗannan lambobi, sai hoton sikeli, a bar masa kayansa. Farfelar da ba ta da suna, wadda aka gani da arha a wani shafi, ita ce mafi munin zaɓi, domin daidaito da ingancin haɗin bakunanta ba a ganin su a hoto.

Sauran masu mota kuma, kuɗin yana da wuraren da zai fi aiki. Tayoyi masu kyau suna sauya tashi, kwana da tsayawa a lokaci ɗaya. Birki da sabon man birki suna yanke ko mota za ta tsaya kafin abin da ke gabanta. Shokazoba da robobin ƙasa da suka gaji suna cinye fiye da abin da kowace farfela za ta dawo da shi. Bayan su sai rim mara nauyi, sai filawil ga mai giyar hannu da ya yarda da ɗan wahalar tashi a cunkoso. Idan an gama da waɗannan duka, kuɗi ya rage, kuma awo ya nuna akwai buƙata, lokacin farfela ya yi.

Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Kilo 9 da sikeli ya nuna gaskiya ne, amma a mota mai kilo 1,700 yake aiki, santimita 4 daga tsakiyar juyi. Tambayar da ta dace a yi wa mai talla ita ce: a juyi nawa a minti wannan bututu zai fara lanƙwasa, kuma wa ya gwada? Amsarta ce ke raba gyaran mota da jefa rai cikin haɗari.